Gwiwar da Ta Lanƙwasa a Bankok

Da sunan Allah nake farawa, Shi ne Ya kai mu, Shi ne kuma Ya dawo da mu.

A shekarar da jirgin ƙasan Kaduna zuwa Abuja ya dawo aiki, bayan doguwar tsayawar nan da kowa ya san dalilinta, na yi wata tafiya da har yau ba a bar ni na huta da tambaya a kanta ba. In na fito masallaci a tare ni, in na zauna a zaure a tare ni: "Malam Shehu, wai da gaske ka shiga ɗakin gumaka?" Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya ɗauki nasa ya tafi ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi da ajami yadda hannuna ya saba, aka juya mini shi zuwa boko.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, jinya ce. Alhaji Garba mai yadi ɗan goggona ne, wato taubashina, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu a cikin birnin Zariya, ta wajen Ƙofar Doka. Tun muna yara kowa cikinmu yake kiran ɗan'uwansa bawa, har muka yi furfura ba a yanke hukunci ba. Shekarun baya da muka yi aikin hajji tare, zazzaɓi ya kayar da ni a Mina muna dawowa daga jifa. Alhaji Garba, da yake ƙato ne ni kuwa ba nauyi, ya goya ni a bayansa cikin wannan turmutsitsi har tanti. Tun daga ranar ba a yi suna ko ɗaurin aure ba sai ya ce, "Jama'a, ku tambayi bawan nan yaushe zai biya ni goyona." Da gwiwarsa ta dama ta soma ciwo sai ya ƙara da cewa nauyina ne ya cinye ta.

Ciwon ya yi ta gaba har ya koma salla a kan kujera. Wata farar kujerar roba ce da ake ajiye masa a ƙarshen sahu. Ni da na san shi, na san ba zafin ne ya fi ci masa rai ba, kujerar ce. Ya taɓa ce mini, ba cikin wasa ba, "Shehu, ina tsoron in mutu goshina bai sake taɓa ƙasa ba."

Babban ɗansa da ke aiki a Abuja shi ya nemo asibiti a ƙasar Tailan inda ake sauya gwiwa. Ba a ba shi dogon hutu a wurin aiki ba, Hajiya uwargidan Alhaji kuma hawan jini ba zai bar ta ba. Da aka rasa mai rakiya, Alhaji ya nuna ni da sanda. "Ga shi nan. Dama ina bin sa."

Mota ta kai mu Kaduna, muka hau jirgin ƙasa a Rigasa. Ban taɓa shiga taron mutane mai shiru irin na wannan tarago ba, kowa leɓensa na motsi, ido na kan daji. Sai da muka hango duwatsun Abuja aka soma hira da ciye-ciye. A filin jirgin sama aka ɗora Alhaji a keken marasa lafiya, aka wuce da shi gaban layi ina biye da jakunkuna. Ya waiwayo ya ce, "Ka ga yadda ake tafiya da manya? Ɗaga ƙafa, bawa." Muka sauka Habasha muka sauya jirgi. Da lokacin salla ya yi muna sama, na yi taimama na yi tawa a zaune, ya dube ni ya ce, "To, yau ka ɗanɗana."

A Bankok aka yi mana ɓarna ta farko, kuma ni na jawo ta. Wani jami'i mai fara'a ya nuna mana hoton nama a jikin allo, ya nuna jakarmu, alamar ko akwai. Alhaji ya girgiza kai. Ni kuwa na gyaɗa. Aka buɗe, aka zaro ƙunshin kilishin da Hajiya ta sa aka yi masa musamman. Jami'in ya sunsuna, ya yi atishawa, ya ba mu haƙuri da hannu biyu, ya jefa a wani babban kwando. Garin kunu da yaji da kuka suka tsira. Sai da muka shiga mota Alhaji ya ce, "An ce maka nama. Kilishi nama ne? Kilishi ai magani ne."

Masaukinmu ɗaki ne a saman gidan wani Musulmi mai suna Yusuf, mutumin kudancin ƙasar, mai sayar da shinkafa da kaza a ƙofar gidansa. Ba na jin Turanci sai abin da ba a rasa ba, shi ma haka. Muna ta fama da hannu sai na ji ya ce wa matarsa wata kalma da ta yi kama da Larabci. Na gwada shi, ya amsa. Ashe ya yi karatun zaure irin namu a garinsu. Ya ɗauko wani tsohon littafi na harshensu, na buɗe, sai ga baƙaƙen Larabci da ɗige-ɗigen da aka ƙara don su ɗauki sautin bakinsu, kamar dai yadda kakanninmu suka yi wa Hausa. Ina iya karantawa, ba na gane ko kalma ɗaya. Na rubuta masa sunansa da na garinmu da ajami, shi ma ya karanta bai gane ba. Muka yi ta dariya kamar yara. Daga ranar Larabcinmu na littafi, mai ɗingishi, shi ya zama gadarmu.

Washegari na shimfiɗa darduma na fuskanci inda rana ke fitowa, na jawo wa Alhaji kujera, muka yi sallar walaha. Yusuf ya shigo da shayi ya tsaya yana kallonmu har muka sallame. Sannan ya kama kafaɗata a hankali ya juya ni. Mun wuce Makka tun a sama, alƙibla ta koma mafaɗar rana. Duk karatuna ban kawo wannan a raina ba. Muka rama abin da ya kamata a rama, Alhaji yana ta mita: "Ƙasar da za ka ba gabas baya ka yi salla, Allah Ya fitar da mu lafiya."

Abincinsu kuwa, shinkafa ce safe da rana da yamma. Akwai wata mai danƙo da ake ci da hannu, ta yi kusa da tuwon shinkafa, ita ta riƙe mu. Matsalar miya ce: barkono da sukari da madarar kwakwa a tukunya ɗaya, harshe ya rasa wanda zai saurara. Har da mangwaro suke cin shinkafa. Matar Yusuf ta ga muna tsakura, sai ta karɓi kukarmu, na kwatanta mata, ta kaɗa. Ta sa mata sukari. Muka cinye muka yi godiya, don da zuciya ɗaya ta yi.

Aka yi aiki lafiya, alhamdu lillahi. Wahalar tana bayan aikin. Likita ya yi bayani, Yusuf ya juya mini, na juya wa Alhaji: sabuwar gwiwa sai an riƙa lanƙwasa ta tun ciwon yana ɗanye, in aka bar ta a miƙe naman zai kama, ta sandare, shi ke nan. Aka haɗa shi da mai gashin ƙashi, wata 'yar firit mai suna Noi, murya kamar ta tsuntsu, hannu kamar na maƙeri. Ranar farko da ta danna ƙafar, Alhaji ya yi salatin da aka ji a ƙarshen baranda. Ya sa mata suna Dogariya. Daga nan kullum da dabararsa: yau jiri, gobe bai yi barci ba, jibi ba ya son mace ta taɓa shi. Aka kawo namiji, ya ce wannan ya fi ta mugunta. Ƙafa dai tana nan miƙe kamar taɓarya.

Na yi lallashi, na yi wa'azi, na yi gori. Wata rana ya ce, "Shehu, bar ni. Ba jikinka ba ne. Mu koma gida, kujerata tana nan." Ya juya fuska bango. Ban taɓa jin ya kira ni da sunana sau biyu a jere babu "bawa" ba sai a kwanakin nan, kuma abin ya tsorata ni.

Yusuf ya ga na shiga damuwa, ya ce in zo ya zaga da ni in sha iska. Muka hau jirgin ruwa a babban kogin da ya ratsa birnin, muka sauka a wani gidan ibada na mabiya Buddha. Na tsaya a ƙofa ina shawara da zuciyata. Yusuf ya ce shi ya daɗe a cikinsu, maƙwabtansa ne, yana shiga ya fita da imaninsa. Na ƙulla niyya: ido zan kai, ba goshi ba. Na yi bisimilla na shiga.

A bakin ɗakin ana cire takalmi. Na cire nawa, na haɗa su tafi da tafi, na soke a hammata, yadda duk wanda ya san masallacin Juma'a yake yi. Ban yi nisa ba sai ga wata tsohuwa ta biyo ni tana dariya tana nuna hammatata. Na ƙara matsewa. Ta miƙo hannu biyu, na dubi Yusuf, ya ce in ba ta. Na ba ta ina yi wa takalman kallon bankwana.

A ciki na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutum-mutumi ne a kishingiɗe, ruwan zinare tun daga kai har ƙafa, tsawonsa ya fi layin shagunan Alhaji Garba da na maƙwabtansa a haɗe. Mutane na zuwa da furanni da turaren tsinke, su durƙusa su sunkuya. Na koma gefe na harɗe hannu a baya. Ba wanda ya harare ni, ba wanda ya ce in yi yadda suke yi. Na ji tausayi, na ji mamaki, na kuma gode wa Allah da Ya sanar da ni Shi ba da wayona ba. Amma ba zan ɓoye ba, natsuwar mutanen nan ta burge ni. Taro ne mai yawa, ba ka jin ko tari. Da na fito na tarar da takalmana a jere, an juyo da bakinsu waje don in zura ƙafa kawai. Na tuna yawan silifan da na rasa a masallatan garinmu.

Mun ga wasu wuraren bayan wannan, wani mai hasumiya da aka lulluɓe da fasassun tangaran, wani a kan tudu da na ƙi hawa. Amma wanda ya shiga labarina ƙarami ne, a bayan layinmu, ba mai zuwa sai 'yan unguwa. Malamansu suna aske kai, suna yafa rawayan mayafi, ba sa aure, ba sa cin abinci in rana ta karkata. Da safe sukan fito a jere ba takalmi, mutane su zuba musu abinci, kuma mai bayarwa shi ne ke durƙusawa. Harabar gidan shimfiɗaɗɗiya ce, ga inuwa, ga bencuna. Yusuf ya ce tunda Alhaji na jin kunyar takawa a titi da ƙarfen dogarawa, mu kai shi can. Alhaji ya ce, "Daga asibiti sai gidan gumaka? Bawa, so kake ka sayar da ni." Na ji daɗin jin kalmar. Ya dai yarda, don zaman ɗaki ya ishe shi.

Muna cikin takawa wata hantsi sai hadari ya haɗu, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya ruga wata buɗaɗɗiyar rumfa, mu ma muka bi. Muka bar takalma da ƙarfen a bakin mataki. Aka matsa aka ba Alhaji wuri a kan benci, wata mata ta turo masa ɗan kututture ya ɗora ƙafar, ta miƙe sambal, tafinta a sama. Ginshiƙi a damansa, mutane a hagunsa.

Sai ga wani tsoho cikin masu rawayan mayafi, an riƙo shi. Ban san shekarunsa ba, amma fatarsa ta yi laushi kamar tsohuwar takarda. Mutane suka sunkuya. Ya zo wurin zamansa, wata 'yar tabarma a kan dakali, ya zauna ya tanƙwashe ƙafafu. Kuma wurin nan daidai yake da tafin ƙafar Alhaji Garba, ba nisa, kusan a fuskarsa.

Na ga mutane suna satar kallon ƙafar suna kawar da kai. Yusuf ya raɗa mini cewa a wurinsu babu cin fuska kamar nuna wa babba tafin ƙafa. Ban gama juyawa ba Alhaji ya ce, "Ba sai ka faɗa mini ba. A gidan wa aka haife ni?" Ya yi ƙoƙarin karkata, ginshiƙi ya tare shi. Tsohon ya lura. Ya yi murmushi, ya ɗaga hannu, alamar ba komai, ya zauna abinsa.

Wannan murmushin shi ya gama da Alhaji. Na ga idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Shehu, tsohon nan ya haifi babana. Ni da ko gaban yayana ban taɓa miƙe ƙafa ba, in zo ƙasar mutane a ce ga tarbiyyar Zazzagawa? Janye kututturen nan."

"Alhaji, a hankali."

"Janye, na ce!"

Na janye. Ya sa hannu biyu ya kama ƙwaurinsa, ya cije leɓe, ya soma ja. Gumi ya karyo masa. Yana ja yana "Ya Salamu, Ya Salamu," diddige na jan ƙasa kaɗan-kaɗan, har tafin ya kife a daɓe, har ƙafar ta shige ƙarƙashin benci. Hawaye na bin gemunsa. Ya ce, yana haki, "Ka shaida, ba don gunkinsu na yi ba. Don furfura na yi." Na ce na shaida.

Tsohon yana kallon duk abin nan. Sai ya sa hannu ya ɗage mayafinsa daga gwiwar hagu. Ga tabo nan dogo, ya yi fari don daɗewa, irin na Alhaji sak. Ya buga gwiwar da tafin hannu, ya nuna yadda ya naɗe ta a ƙarƙashinsa, ya yi wata magana yana dariya ba haƙori. Yusuf ya juya mini: ya ce shi ma da aka yi masa, kukan da ya yi har karnukan gidan sai da suka taya shi, kuma bai zauna haka ba sai da damina ta zagayo. Alhaji ya daɗe yana kallon gwiwar nan. Ya ce, "Tambaye shi, yana iya kai goshi ƙasa?" Aka tambaya. Tsohon ya dafa tabarma ya sunkuya har ƙasa, ya ɗago.

Da ruwa ya tsagaita, harabar ta zama tafki, ƙafar Alhaji kuma sai rawa take, ba ta ɗaukarsa. Ƙarfen zai zame a wannan santsi. Yusuf ya tafi kiran mai keke, amma keke ba ya shigowa sai bakin ƙofa. Na naɗe riga, na durƙusa a gabansa na ba shi baya.

"Kai? Za ka karye."

"Hau, kafin in sake shawara."

Allah Shi ya san yadda na miƙe. Ruwa har idon sawu, Yusuf na tallafe da shi ta baya, matar nan mai kututture ta bi mu da lema, wata kuma ta ɗauko mana takalma. Ina jin numfashinsa a wuyana. Muna isa ƙofa na sauke shi a kujerar keke, na dafa gwiwoyina ina neman iska. Ya ce, "Wannan 'yar tafiyar? Mina fa da nisa. Rabi ka biya."

Washegari shi ya tashe ni mu tafi wurin Dogariya. Da ta ga inda ƙafar ta kai, ta tafa hannu ta ce wa ya yi wannan aiki. Ya ce a gaya mata wani tsoho ne ya fi ta iyawa. Salati bai daina ba, amma bai sake cewa a bar shi ba. Kafin mu taso ya sa na raka shi gidan nan, ya kai wa tsohon ragowar garin kununmu, aka kwatanta wa masu dafa masa yadda ake damawa. Tsohon ya ba shi lemo biyu. Ba su da harshe ɗaya, suka zauna suna nuna wa juna gwiwa. Har yau in na tuna tsohon ina roƙa masa shiriya, don abin da na fi so ga kaina ke nan. Yusuf da matarsa suka raka mu har filin jirgi. Allah Ya saka musu da alheri, sun riƙe mu kamar 'yan ɗaki ɗaya.

Da muka dawo Zariya kujera ba ta tafi nan take ba. Watanni ya yi yana salla a kanta, yana kuma fama da ƙafar a tsakar gida, ina jiyo salatinsa ta kan katanga. Sai bayan an yi girbi, wata la'asar, muka shiga masallacin unguwa, ladan ya jawo masa ita kamar kullum. Alhaji ya ce, "Bar ta." Ya shigo tsakiyar sahu ya tsaya kusa da ni.

Allah Ya yafe mini, rabin hankalina a raka'ar farko yana kansa. Aka yi ruku'u, aka ɗago, aka tafi sujada. Na ji ya sauka a hankali, hannu ya riga, gwiwa ta biyo, sannan na ji goshinsa ya taɓa tabarma. Kafaɗunsa suka soma girgiza. Da liman ya miƙe zuwa raka'a ta biyu, kowa ya tashi, shi ya yunƙura ya kasa. Na ɗan rage tsawo na matsa masa kafaɗata. Ya dafa ta da dukkan nauyinsa ya miƙe. Haka muka yi har aka sallame.

Bayan addu'a mutane suka taso yi masa barka. Ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ga ƙura a goshinsa, bai share ba.

Ya ce, "Jama'a, shekara da shekaru kuna ji ina bin mutumin nan goyo. Ya biya rabi a ƙasar mutane, cikin ruwa. Ragowar yanzu ya cika ta a gabanku. Ku shaida, ba na bin Malam Shehu komai."

Aka ce an shaida. Tunda muke bai taɓa kirana Malam ba. Muka fito tare. A bakin ƙofa ya tsaya ya zura takalmansa, ya waiwaya ya dubi farar kujerar a jingine da bango, ya ce wa ladan, "A ba wani mai bukata."